Karatun Kasuwanci ga Wadda Sakamakonta Bai Yi Ƙarfi Ba

  Wadda ke gaban murhu ta ɗan rage wuta, wadda ke saƙa ko ɗinkin hula ta ci gaba da abinta, kunne kawai nake nema.

Saƙonni uku ne suka taru a hannuna a kan magana guda, shi ya sa na ga ya dace mu ba ta shiri sukutum. Na farko daga wata baiwar Allah ne a Zurmi. Ta ce ta gama sakandare shekara 9 da suka wuce, aka yi mata aure, yanzu 'ya'yanta 3. Tana yin ƙuli-ƙuli da man gyada, tana kuma sarin atamfa tana sayarwa a cikin gida. Ranta yana son ta karanta ilimin kasuwanci, amma takardar sakamakonta kiredit 4 ne kawai, Turanci ta sami D7, Lissafi kuwa F9. Ta rufe saƙon da cewa, "Anti, ban taɓa aiki a ofis ba ko na yini ɗaya, shin irina ana ɗaukarsu, ko in haƙura?" Na biyu daga Shinkafi, ita ta gama ƙaramar difloma amma da sakamako mafi ƙasa, tana son babbar difloma. Ta uku 'yar Kaura ce, mai digiri mai daraja ta uku, tana sha'awar digiri na biyu a harkar tafiyar da kasuwanci.

Bari in fara da ke 'yar uwata ta Zurmi, domin irinki sun fi yawa a gidajenmu. Amsar tambayarki ita ce kada ki haƙura, amma kuma kada ki yi gaggawa. Takardar da ke cikin akwatinki ba ta ruɓewa. Sakamakon WAEC ko NECO na shekara 9 yana nan da ƙarfinsa kamar na bana. Abin da ya rage shi ne ki san abin da ke cikinta da abin da babu. Daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit. D7 da E8 an ci, amma ba su kai kiredit ba. F9 faɗuwa ce. Makarantu da yawa suna karɓar sakamako biyu a haɗe, wato zama biyu. Ma'anar wannan ita ce ba sai kin rushe ginin duka ba. Kiredit 4 ɗinki suna nan, Turanci da Lissafi za ki sa a gaba, ki sake zama, ki haɗa da na da.

Kuma ba sai kin koma kin sa kayan makaranta kin zauna aji da sa'o'in ƙannenki ba. Akwai jarrabawar masu zaman kansu. WAEC tana yin ta sau biyu a shekara, NECO tana yi wajen ƙarshen shekara. Akwai kuma wata hukuma da mata da yawa ba su san da ita ba, NABTEB, wadda aka kafa a 1992 musamman don jarrabawar fannin kasuwanci da sana'o'in hannu. Ita ma tana da zama na masu zaman kansu a watannin Nuwamba da Disamba, kuma kwalejojin kimiyya da fasaha suna karɓar takardarta.

Ni kaina da kuke jin muryata, Lissafi sai a zama na biyu na same shi. Na yi kuka ranar da sakamakon farko ya fito kamar an aiko mini da rasuwa. Mahaifiyata, Allah ya saka mata, ta ce da ni, "Ke da kike ƙirga canjin fura ba ki taɓa ɓata ba, lissafin takarda ne zai gagare ki?" Wata 6 na yi wani ƙanena yana koya mini bayan sallar isha'i. Da ban sake zama ba, da ban shiga jami'a na karanta aikin jarida ba, da kuma yau wata ce ke muku magana.

To, akwai wani sauyi da ya kamata ki sani. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sassauta sharuɗɗan shiga manyan makarantu. A cikin sanarwar an ce ƙaramar difloma kiredit 4 sun isa, da Turanci a ciki ga fannonin da ba na kimiyya ba, da Lissafi ga na kimiyya. Amma babbar difloma an bar ta a kan kiredit 5 da suka haɗa da Turanci da Lissafi. Saboda haka shawarata, kada wannan sassauci ya sa ki kwanta. In kin kauce wa Lissafi a ƙofar farko, zai tare ki a ƙofa ta biyu. Kuma gaskiya tsakani da Allah, wadda za ta karanta kasuwanci ta ce ba ta son lissafi, kamar mai son tuwo ce da ke gudun tuƙi.

Yanzu ina za a nufa? Mu mutanen wannan yanki Allah ya yi mana gata guda, makaranta tana bakin ƙofarmu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda an kafa ta tun 1983, shekara 13 kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996. Tana da sashen karatun kasuwanci, inda ake koyar da tafiyar da kasuwanci da aikin akanta da makamantansu. Ƙaramar difloma shekara 2 ce. Daga nan a fita a yi aikin koyon sana'a na shekara 1, a dawo a yi babbar difloma shekara 2. Hanyar shiga ita ce jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Makinta duka 400 ne. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince da shi don shiga jami'a 150 ne, na kwalejojin fasaha kuwa 100, kodayake kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata. Kin ga ke nan ƙofar kwaleji ta fi faɗi ga wadda ta daɗe rabonta da littafi. Sai dai ki riƙe wannan: sakamakon JAMB na shekararsa ne kawai, ba a ajiye shi kamar na WAEC. Kada ki sayi fom ɗin JAMB alhali ba ki gyara Turancinki ba, kuɗin zai tafi a banza.

Na san wata za ta ce, Anti, ni ko kusa maigidana ba zai bar ni in zauna aji ɗaya da maza ba. To, akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gusau, wadda mata zalla take ɗauka. Tana da fannin koyar da ilimin kasuwanci, ana fita da takardar NCE bayan shekara 3. Wadda ta bi nan ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ta san kasuwanci don sana'arta, kuma tana da takardar koyarwa, ga makarantun 'yan mata a yankinmu kullum suna kukan rashin malamai mata. Magidanta da yawa da suka ƙi jin maganar wata makaranta, in aka ambaci wannan sai ka ga sun sassauto.

Wadda kuma fita kullum ba za ta yiwu mata ba sam, akwai jami'ar karatu daga gida, wato NOUN. An fara kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000 zamanin Shugaba Obasanjo. Tana da cibiya a Gusau. Ba a zama jarrabawar JAMB kafin a shiga, amma ana neman kiredit 5, kuma a fannin kasuwanci har da Turanci da Lissafi. Littattafan darasi ana sauke su a waya, aikin gida ana yin sa ta intanet, jarrabawar ƙarshen zango ce ake zuwa cibiya a rubuta. Na ga mata sun yi ta da goyo a baya.

Amma bari in gaya miki gaskiyar da masu tallar wannan hanya ba su cika faɗa ba. Karatu daga gida ya fi na aji wuya ga wadda tushenta bai yi ƙarfi ba. Babu malamin da zai tsaya a kanki, babu ƙawar da za ta ce tashi mu tafi laccar safe. Ke ce da littafi na Turanci mai shafi 200, ga yaro yana kuka, ga ranar girkinki ta zagayo, ga wayar babu caji. Sannan dukanmu mun tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. Wadda karatunta ya rataya a kan intanet, a irin wannan lokaci sai dai ta rungume hannu. Don haka in kin zaɓi wannan hanya, ki sa a buga miki littattafan a takarda tun farkon zango, ki kuma nemi wata 'yar uwa ko biyu a unguwarku ku riƙa bita tare. Idan har yanzu karanta shafi guda na Turanci yana ɗaukarki rabin awa, ni a ganina aji mai malami ya fi miki, ko da za ki jira shekara guda kafin hali ya samu.

Tunda na taɓo tsaro, ba zan wuce ba sai na tsaya a kansa, domin ba ƙaramin abu ba ne a zaɓen makaranta a wannan ƙasa tamu. Da can mace daga Shinkafi ko Zurmi tana iya cewa za ta riƙa zuwa Kaura ranar Litinin ta koma gida ranar Juma'a. Wanda duk ya bi waɗannan hanyoyi a shekarun nan ya san ba magana ce da za a yanke da wasa ba. A Satumba 2023 an shiga gidajen haya na ɗalibai a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, aka kwashi ɗalibai, mafi yawansu mata. Ban kawo wannan don in tsorata ki ba. Na kawo shi ne don ki sa tambayar masauki a sahun gaba, kafin tambayar kuɗin makaranta ma. Ina za ki kwana? A cikin makaranta ko a waje? Kina da 'yan uwa a cikin gari da za ki zauna wurinsu? Sau nawa za ki hau hanya a zango guda? Makaranta mai suna da ke nesa, da wadda ba ta kai ta suna ba amma kina da gidan yayarki kusa da ita, ni ta biyun zan zaɓa miki.

Sai maganar da ta fi damunki, cewa ba ki taɓa aiki ba. Da farko dai, ƙaramar difloma da NCE da digirin farko babu wanda zai tambaye ki takardar aiki. Wannan sharaɗi a gaba yake. Na biyu kuma, wa ya ce ba ki taɓa aiki ba? Shekara nawa kina sayen gyada, kina kai niƙa, kina matsar mai, kina sa farashi, kina ba da bashi kina bin sa, kina zubin adashi? Yarinyar da ta fito daga sakandare jiya za ta ji kalmar jari da riba a bakin malami kamar tatsuniya, ke kuwa kin san zafinsu a jikinki. Abin da kika rasa ɗaya ne, rubutu. Kuma shi za ki fara tun daren yau, ba sai an ba ki gurbi ba.

Ki sayi littafi mai layi na 'yan makaranta. Shafin hagu abin da ya fita, shafin dama abin da ya shigo. Bari in ba ki misali, ba farashin kasuwa nake faɗa ba, lissafi ne kawai don a gane. A ce kin sayi gyada ta naira 30,000. Kika sayar da mai na 24,000, ƙuli-ƙuli na 14,000, jimla 38,000. A zuciyarki kin ci ribar 8,000, har kin fara tunanin sabon mayafi. To amma niƙa ya ci 2,000, itace 1,500, gishiri da kayan yaji 500, ladan wadda ta kai miki kasuwa 1,000. Ashe abin da kika kashe 35,000 ne, riba ta koma 3,000. Ba a gama ba. A cikin 38,000 ɗin nan, 4,000 bashi ne a hannun maƙwabta, wata sai an yi albashi, wata sai maigidanta ya dawo daga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Abin da ke cikin gwangwaninki ke nan 34,000, bai kai abin da kika zuba ba. Gobe in kin tashi sari sai ki ga kuɗi ba su kai ba, ki ce ko an yi miki baki ne, ko wani ya sa hannu a gwangwani. Babu ko ɗaya. Kuma duk wannan ba mu sa ladan wahalarki ta yini biyu a gaban wuta ba. Wannan ɗan lissafi da muka yi yanzu, shi ne darasin farko da za a koya miki a ajin akanta, sai dai a can da Turanci za a faɗe shi. Matar da ta riƙe irin wannan littafi wata 6 kafin ta shiga makaranta, ta riga rabin ajin gaba.

Wannan littafi kuma shi zai nuna miki fannin da ya dace da ke. In kin ga kina jin daɗin jera lambobi har su daidaita, aikin akanta naki ne, amma ki sani shi ya fi kowanne neman Lissafi. In ƙarfinki a baki yake, kin iya jawo mai saye, kin san atamfar da za ta tafi da sallah da wadda za ta kwana, to fannin talla da sayarwa ko na tafiyar da kasuwanci ya fi kusa da ke. In burinki aiki ne a ofis ko makaranta ko asibiti, akwai fannin sakatariya da sarrafa ofis, inda kwamfuta ta fi yawa. Kada ki zaɓi fanni don 'yar maƙwabta shi ta yi, ko don sunansa ya fi daɗin faɗa a gidan biki.

Yanzu ke 'yar uwata ta Shinkafi. A tsarin hukumar NBTE, wadda ke Kaduna kuma take kula da kwalejojin fasaha tun 1977, sakamakon difloma hawa 4 ne. Na ƙoli daga maki 3.50 zuwa 4.00, mai bi masa daga 3.00, na uku daga 2.50, na ƙarshe daga 2.00 zuwa 2.49, wanda shi ne naki. Ƙa'idar shiga babbar difloma ita ce hawa na uku zuwa sama, tare da shekara 1 ta aikin koyo. Mai irin sakamakonki ba a rufe mata ƙofa gaba ɗaya ba, amma ana neman ta kawo shaidar aiki na shekara 2 maimakon 1, kuma sai in gurbi ya ragu. Kin ga a nan aikin ne zai cike gurbin makin. To ina za ki samo shi? Makarantar Islamiyya ko ta boko mai zaman kanta da ke neman mai riƙe mata littafin kuɗin makaranta, kantin magani, ƙungiyar gama kai ta mata, sashen kuɗi na ƙaramar hukuma, duk wurare ne da mace za ta iya aiki cikin mutunci, wasu ma a cikin unguwarku. Ki karɓi takarda ranar da kika fara, ki karɓi wata ranar da kika gama, mai hatimi da sa hannu. In kuma sana'arki ta gida kike son a lissafa miki, ki yi mata rajistar suna a hukumar CAC, sannan ki aika a tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai ko za su karɓa, tun kafin ki dogara da ita.

Abin da nake roƙonki da girman Allah, kada ki sayi takardar aikin da ba ki yi ba. Za a zo miki da ita, za a ce kowa haka yake yi. Ban da haramcin abin, ke za ki cutu, domin darussan babbar difloma an gina su ne a kan cewa kin ga yadda ake aiki da idonki.

Ke kuma ta Kaura, taki gajeruwa ce. Digiri mai daraja ta uku ba kasafai ake shiga digiri na biyu da shi kai tsaye ba. Gadar da ake bi ita ce diflomar bayan digiri a fannin gudanarwa, wadda ake kira PGD, kusan shekara 1. In kin fita da sakamako mai kyau, da shi za ki nemi MBA. Mai babbar difloma ma wannan gada take bi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya duk suna yi, ta Zariya ma tana da tsarin karatu daga nesa. Sai dai ki tambayi kanki me za ki yi da shi. Shi wannan digiri an tsara shi ne don wanda ya riga ya riƙe aiki ko kasuwanci yana son ya gyara tafiyarsa, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. In ba ki taɓa riƙe ko ɗaya ba, ki ba kanki shekara 2 kina aiki ko kina juya jari tukuna. Bayan haka karatun zai zauna miki a kai.

Akwai wani rami da nake son dukanku ku kauce masa. Wata 'yar ƙanwar mahaifiyata ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya, na gadon uwarta, ta biya wata cibiya da ta buɗe a wani gida mai bene, aka ce difloma a wata 9, babu ruwansu da kiredit, babu ruwansu da JAMB. Ta yi karatun da gaske, an yi bikin yaye su har da hula da riga da hoto. Ranar da ta kai takardar neman ci gaba, ma'aikacin ya juya ta gaba da baya ya miƙo mata, ya ce ba su san wannan ba. Har yau in ta tuna sai idonta ya kawo ruwa, ba don kuɗin ba, don 'yan kunnen. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ya ce miki ba ya bukatar komai sai kuɗinki, to kuɗin naki kawai yake so. Kuma ko a makarantar gwamnati ta gaskiya, ki bambance difloma ta ƙasa, wato ND, da diflomar da makarantar ke bayarwa da sunanta ita kaɗai. Ta biyun tana iya ƙara miki sani, amma ba lallai ta kai ki babbar difloma ko ta sama miki aikin gwamnati ba. Tambayoyi biyu za a yi a ofis: shin NBTE ta amince da wannan fanni? Shin sunana zai fito a shafin JAMB? Tun 2017 ta wannan shafi ake tabbatar da gurbin karatu. Haka kuma ki tambaya ko na cikakken lokaci ne ko na wucin gadi, domin masu karatun wucin gadi ba a tura su bautar ƙasa, wanda kuma ya haura shekara 30 lokacin gamawa takardar yafewa ake ba shi.

Wani ƙaramin abu mai hana mata da yawa barci: suna. Sunan da ke kan takardar sakandarenki, shi za ki riƙe. JAMB tana aiki da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN, tun 2021. In a takardar makaranta sunan mahaifinki ne, a katin ɗan ƙasa kuma kika sa na maigida, ko ranar haihuwa ta sha bamban, to kin ɗauko wa kanki zirga-zirgar da za ta iya cinye shekara. A duba wannan a gyara tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Batun kuɗi kuwa, ki zauna ki rubuta shi kamar yadda muka rubuta na gyada. Ba kuɗin makaranta kaɗai ba: fom, mota, masauki, buga takardu, katin waya, abincin yara ranar da ba kya nan, da cinikin da za ki rasa a makonnin jarrabawa. Akwai asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, NELFUND, da ya fara aiki a 2024 don ɗaliban manyan makarantun gwamnati, kuma babu kuɗin ruwa a cikinsa. Amma sai kin sami gurbi ake nema, kuma sunansa rance, za a biya. Abin da ba na so shi ne ki cinye jarinki a kan karatun kasuwanci, ki fito da takarda babu kasuwancin. Ki ware kwasar adashi guda don makaranta, jari kuma ki bar shi yana juyawa ko da a hannun ƙanwarki ne.

Na bar maganar maigida a ƙarshe ba don ita ce ƙarama ba. Uwargida, kada ki tare shi da ita yana shigowa da gajiya, kada kuma ya fara jin ta a bakin wani. Ki bari ya ci ya huta, ki kawo masa littafin nan naki na shiga da fita, ya ga da idonsa abin da kike yi da abin da ke zurarewa. Ki zo da amsoshi a hannu: ga makarantar, ga kwanakin fita, ga wadda za ta riƙe yara, ga inda kuɗi za su fito, ga wanda zai raka ki. Namiji ya fi saurin amincewa da abin da ya ga an tsara. In kina da abokiyar zama, ki shawo kanta tun da wuri, domin ranar jarrabawa ita za ta karɓar miki girki, ke ma ki rama mata a nata uzurin. In akwai surukarki a gidan, kada ta zama ta ƙarshen ji. In ya ce a'a a karon farko, kada ki mai da abin rigima. Ki nemi ya bar ki ki fara da gyaran Turanci da Lissafi a cikin gida, wannan ba ya bukatar fita sai ranakun jarrabawa. In kuma akwai malami ko wani babba da yake jin maganarsa, ba laifi a tuna masa cewa Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, attajira ce mai aika fatake har ƙasar Sham, kuma a ƙasar nan tamu Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara jajis suna bi gari gari suna kai wa mata karatu har inda suke.

Ku kuma iyayenmu maza da na san kuna saurare ta bayan labule, a taimaka a je ofishin makarantar da ƙafa a yi waɗannan tambayoyi a madadinsu, zuwa da kai ya fi saƙo. A tafi da kwafin sakamakon, a nuna wa jami'in ɗaukar ɗalibai, ba ɗan kamasho da ke tsaye bakin ƙofa ba, a kuma karɓi rasit na duk abin da aka biya.

'Yar uwata ta Zurmi, ki sa a ɗauki hoton takardar taki a aiko mini yadda kika aiko da saƙon farko, zan duba darussan da kika ci in gaya miki jarrabawar da ta fi dacewa ki zauna. A mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki littafin shiga da fita shafi shafi, don haka kowa ta tanadi littafinta da biro kusa da rediyo.